Kafin makarantarku ta biya kuɗin fotal ɗin karatu, ga yadda za ku gwada ko kowane yaro zai iya aiki da shi

Tun bayan kullen korona na 2020 da aka rufe makarantu, makarantun kuɗi da yawa a Jos suka shiga neman abun nan da ake kira LMS, wato manhajar da malami zai ɗora darasi da aikin gida da tes, yaro ya shiga ta waya ko kwamfuta ya karanta ya amsa, iyaye kuma su duba sakamako. Mu dai fotal kawai muke ce masa. Wasu Google Classroom suka kama, wasu Moodle, wasu kuma wani kamfani ne zai turo yaransa da laftof da furojekta su haska ma mai makaranta a ofis, komai na walƙiya komai na gudu, Alhaji ya ce masha Allah a sa hannu.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare ta wajen Bauchi Road, kuma da ni aka yi irin wannan zaman, har da ni a masu gyaɗa kai. Sai da zango ya kusa ƙarewa muka gano wata ɗalibarmu zabiya ƴar aji biyu ba ita ke karanta darasinta ba, ƙaninta ke karanta mata kullum da daddare, saboda rubutun fotal ɗin toka-toka ne a kan fari kuma sun kulle shi ba ya buɗewa in ka ja da yatsu biyu. Yarinyar bata taɓa faɗa ba, kunya take ji. Daga ranar na daina yarda da haskawar furojekta, cinikin biri a sama ne. Abun da zan jero a nan shi ne yadda nake gwadawa yanzu, kuma kusan duk kayan gwajin kyauta ne.

Wani zai ce ai mu bamu da makafi a makarantarmu. Toh kuna da mai gilashi mai kauri, kuna da wanda kunnensa ɗaya ya toshe tun ciwon sanƙarau, da wanda hannunsa ke rawa, da mai farfaɗiya, da wanda haruffa ke cakuɗe masa in yana karatu ana ce masa daƙiƙi alhali ba daƙiƙi bane. Sannan akwai doka. Dokar hana wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019, ta ce mai nakasa yana da haƙƙin ilimi ba tare da an ware shi ba, kuma ta sa tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko ma'aikatar da ta nuna wariya, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka. Balle mu a Filato da makarantar makafi ta Gindiri take tun 1953, ai bai kamata a ce mu ake koya ma wannan ba.

Mataki na farko: ku karɓi makulli, ku zauna da abun mako guda

Ku ce ma mai tallan, ranka ya daɗe mun gani mun gode, amma a bamu akawun na gwaji guda uku, na malami da na ɗalibi da na iyaye, na tsawon mako ɗaya ko biyu. In ya fara kame-kame ya ce sai an biya rabi, wannan ma amsa ce. Da akawun ɗin malami ku haɗa ƙaramin aji na gaske, darasi ɗaya mai hoto, bidiyo ɗaya, aikin gida ɗaya, tes mai tambaya biyar. Kar ku gwada da ajin da suka shirya muku, shi an share shi an goge don baƙi.

Sai ku rubuta a takarda ayyukan da dole yaro ya iya yi da kansa ba tare da an riƙe masa hannu ba: shiga da suna da kalmar sirri, nemo darasin yau, karanta shi ko sauraro, miƙa aikin gida, rubuta tes, duba makinsa, da tura ma malami tambaya. Duk gwajin da zai biyo baya a kan waɗannan bakwai ɗin za a maimaita shi.

Ku kuma tambaye shi, manhajarku ta cika WCAG mataki na AA? WCAG ƙa'idoji ne da ƙungiyar W3C mai tsara ma'aunan intanet ta fitar kan yadda shafi zai zama kowa na iya amfani da shi, akwai na 2008, da 2.1 na 2018, da 2.2 da ya fito a Oktoban 2023, matakansa uku A da AA da AAA, na tsakiyan shi ake nema galibi. Manyan kamfanoni suna da takardar da ake kira VPAT inda suke lissafa abun da suka cika da wanda basu cika ba. In ya baku ku karɓa, amma ku tuna su suka rubuta da hannunsu.

Mataki na biyu: a cire maus

Wannan shi ne gwajin da nafi so don minti goma ya isa ya tona asirin fotal. Ka zare maus ka sa a aljihu, in laftof ne ka ɗora takarda a kan wurin shafawan don hannu baya jin magana. Yanzu da kibod kaɗai zaka yi komai. Tab yana kai ka gaba, Shift da Tab yana dawo da kai baya, Enter ko Space yana danna abu, kibiyoyi suna zaɓe a cikin jeri, Esc yana rufe akwatin da ya faɗo. Makaho haka yake aiki, haka ma yaron da hannunsa baya iya saita maus.

Abu na farko da zaka lura, kana ganin inda kake kuwa? Ya kamata duk inda Tab ya sauka a ga wani zobe ko layi ya kewaye wurin. Masu haɗa shafi da yawa suna cire zoben nan wai yana ɓata kwalliya, sai ka dinga danna Tab kana lalube kamar an ɗauke wuta. Na biyu, tafiyar tana bin tsari daga sama zuwa ƙasa ko tsalle take daga kai zuwa gindi ta dawo? Na uku, sau nawa ka danna kafin ka iso ainihin darasin? Na taɓa ƙirga sama da talatin a wani fotal, kuma a kowane shafi sai an sake, alhali shafi mai kyau yana da wani linki a farko da zai tsallakar da kai kai tsaye zuwa karatun. Na huɗu kuma shi ne mugun, tarko. Ka shiga wani akwati, yawanci wurin bidiyo ko kalandar zaɓen kwanan wata ko wurin rubuta amsa, ka kasa fita duk abun da ka danna. In haka ta faru a tsakiyar tes yaro ya gama yawo.

Ka tsaya sosai a kan wurin ɗora aikin gida da kuma tambayoyin da ake jan amsa a ajiye a gurbinta. In jan da maus ne kawai hanya, babu maɓallin zaɓo fayil, babu yadda za a yi da kibod, rubuta shi da jan biro.

Mataki na uku: a saurari shafin

Akwai manhajojin da ke karanta ma makaho abun da ke kan sikirin. A kwamfuta mai Windows ku sauke NVDA, kyauta ne, wata ƙungiya a Ostareliya mai suna NV Access ke yinsa. JAWS ma akwai amma na kuɗi ne mai tsada. A wayar Android akwai TalkBack a cikin saitin waya, iPhone kuma VoiceOver. Tunda yaranmu yawanci wayar mama ko ta yaya suke ara, gwajin TalkBack ɗin ya fi na kwamfuta muhimmanci a wajena.

Gargaɗi ɗaya, ranar farko da ka kunna TalkBack zaka ji kamar wayar ta haukace, taɓawa ɗaya baya buɗe komai sai dai ta faɗi sunan abun. Shafa dama yana kai ka abu na gaba, taɓawa biyu da sauri yana buɗewa, yatsu biyu ake jan shafi da su. Ka koyi yadda ake kashe shi kafin ka kunna, wani abokin aikina sai da ya kai tasa wajen masu gyara a Terminus wai ta kamu da bairos. A NVDA kuma harafin H yana tsalle daga kanu zuwa kanu, K linki, B maɓalli, F wuraren cikewa, Ctrl yana sa shi yin shiru in ya ishe ka.

Yanzu rage hasken sikirin ko ka juya kai, ka bi ayyukan nan bakwai da kunne. Abun da zaka ji a fotal mara kyau shi ne muryar tana ta maimaita kalma ɗaya, maɓalli, maɓalli, maɓalli, ba suna, saboda hoton ambulan ko na ƙararrawa kawai aka sa ba a rubuta masa suna a ciki ba. Mai ido ya san ambulan saƙo ne, mai sauraro bai san ko na goge aikinsa bane. A wurin shiga, ya kamata ta ce nan suna nan kalmar sirri. Ka sa kalmar sirri ba daidai ba da gangan ka ji ko zata faɗa maka an yi kuskure, don wasu jan layi kawai suke nunawa shiru. In akwai hoton nan na karkatattun haruffa da ake cewa ka kwafa don a tabbatar kai mutum ne, kuma babu wata hanya ta daban, toh tun a bakin ƙofa an kori yaro.

A cikin tes ka saurara da kyau. Tana karanta tambaya sannan zaɓuɓɓukan a jere? Tana faɗin wanda ka zaɓa? In ka miƙa, tana cewa an karɓa? Agogon da ke ƙirga lokaci fa, akwai wanda baya jiyuwa sam, akwai kuma wanda yake katse karatun duk daƙiƙa ɗaya yana faɗin lokaci har yaro ya kasa jin tambayar, duka biyun matsala ne.

Sai maganar harshenmu. Ka rubuta darasi ɗaya da Hausa mai ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ka adana ka buɗe da akawun ɗin ɗalibi a ƙaramar waya, ka ga ko sun fito ko sun koma akwatuna da alamar tambaya. Ka gwada sunan yaro mai ƙugiya a rajista da katin sakamako ma. In kuna da darasin Larabci ko Islamiyya ka liƙa layi biyu masu wasali ka ga ko ya tafi daga dama zuwa hagu yadda ya kamata. Muryar Turanci in ta kama karanta Hausa dariya zata baka, wannan ba laifin fotal bane kai tsaye, amma gara malamin Hausa ya sani ya dinga haɗawa da sautin muryarsa.

Mataki na huɗu: girman rubutu da launi

Wannan baya ɗaukan lokaci. A kwamfuta danna Ctrl da alamar tarawa har girman shafin ya kai kashi 200, ka ga ko rubutu ya hau kan juna ko maɓallin miƙawa ya ɓace. Ka ƙara zuwa 400, shafi mai kyau zai tattara kansa ya koma layi ɗaya kamar na waya ba sai kana ja hagu da dama ba. A waya ka ƙara girman rubutu daga saiti, ka kuma gwada buɗewa da yatsu biyu, abun da ya ci ɗalibarmu kenan. Bambancin launin rubutu da na bango ƙa'idar AA ta ce ya kai 4.5 da 1 ga ƙaramin rubutu, 3 da 1 ga manya, shafin WebAIM yana da ma'aunin kyauta. Ko ba ma'auni, fita da wayar tsakar rana filin asambuli ka gwada karantawa. Kar ya zama launi kaɗai ke bambanta ci da faɗuwa, kore da ja, don akwai yaran da basa rarrabe su, maza sun fi yawa a ciki. Abu mai walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa kuma a cire shi saboda masu farfaɗiya.

Akwai kayan duba na atomatik, WAVE da axe da Lighthouse da ke cikin Chrome, ka kunna su su lissafo kurakurai. Suna da amfani amma wani ɓangare kawai suke kamawa, zasu ce maka hoto yana da bayani amma ba zasu san bayanin shirme bane. Kar mai talla ya nuna maka maki 95 ka ce shikenan.

Mataki na biyar: bidiyo, murya, da ƙarin lokaci

Ka duba ko wurin bidiyo yana karɓan fayil ɗin rubutun magana, irin SRT ko VTT, da maɓallin kunna shi. Rubutun da na'ura ke yi da kanta kar a dogara da shi, in malam yana Turancinmu yana surkawa da Hausa abun da zai fito sai ka riƙe baki, dole mutum ya bi ya gyara. Malaman da suka saba tura bayani da saƙon murya su sani kurma bai samu komai ba sai an haɗa da rubutu. Kuma yaron da ya tashi da maganar hannu dogon Turanci yana masa nauyi, gajerun jimloli da hoto sun fi masa.

Sai ka koma akawun ɗin malami ka nemi inda ake ƙara ma yaro ɗaya lokacin tes ba tare da an ƙara ma duka aji ba. Moodle yana da wannan a cikin saitin tes ɗinsa. Wanda ke sauraron tambaya ko yake rubutu a hankali minti talatin ɗin kowa baya isarsa. Ka kuma gwada barin shafi minti ashirin ba ka taɓa ba kana tsakiyar rubuta amsa, in ya fitar da kai ba gargaɗi kuma rubutun ya tafi, ka rubuta. Wata ƴar magana a gefe, bayanin lafiyar yaro sirri ne ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, kar fotal ya manna ma yaro tambarin nakasa inda ƴan ajinsu zasu gani.

Mataki na shida: ƙaramar waya da sabis mai rauni

Turawan da suka rubuta ƙa'idojin basu cika damuwa da wannan ba amma a nan shi ke fara kayar da yara. Kar ka gwada da wayar mai makaranta a kan wayfai na ofis. Nemo tsohuwar Tecno ko itel mai fasasshen gilashi da memori ya cika, ka sa mata data kaɗan, ka ba wani malami ya tafi da ita gida Gangare ko Rikkos ko Bukuru ya gwada da daddare. Ku duba data nawa darasi ɗaya ya ci, ko ana iya sauke darasi a karanta ba intanet kamar yadda manhajar Moodle ta waya ke bari, sannan ku kashe data a tsakiyar tes ku kunna ku ga ko amsoshin suna nan. Mai amfani da TalkBack wannan ya fi cutarsa, don duk sanda shafi ya sake lodi daga sama zai faro.

Mataki na bakwai: a kira masu abun

Duk abun da na lissafa mai ido ne yake kwaikwayon makaho, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku nemo mutum biyu ko uku da da gaske da waɗannan kayan suke rayuwa, ɗalibanku in akwai, da izinin iyayensu, in babu ku tuntuɓi sashen ilimi na musamman na Jami'ar Jos ko ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman na gari. Ku basu ayyukan bakwai ku zauna gefe ku kama bakinku, kar a nuna musu komai, inda suka tsaya cak nan ne matsalar. Zaka sha mamakin gudun muryar da suke saurara, ni ko kalma ɗaya bana kamawa. A basu kuɗin mota da na lokacinsu don aiki suka yi muku, kuma a gaya musu tun farko fotal ake gwadawa ba su ba.

Rabin matsalar daga wajenmu malamai take

Nan ne inda zan taɓa ƴan uwana. Ko fotal ɗin ya ci duk gwajin nan, in Malam ya ɗauki hoton tsohon handaut da waya a karkace, da inuwar babban yatsansa a gefe, ya maida shi PDF ya ɗora, an koma gidan jiya. Wajen NVDA wannan hoto ne kawai, babu harafi ko ɗaya a ciki. Gwajin mai sauƙi ne, buɗe fayil ɗin ka danna Ctrl da F ka nemi wata kalma da kake gani da idonka, in bai same ta ba toh hoto ne. Gara a buga darasin kai tsaye a shafin fotal ko a Word, a sa kanun da ainihin salon kanu na Word ba wai a ƙara girma a yi baƙi kawai ba, don da shi harafin H ɗin nan ke tsalle. Kowane hoto a rubuta masa bayani mai ma'ana, in taswirar Filato ce da ƙananan hukumomi 17 a faɗi abun da ake so yaro ya gane a ciki, ba a rubuta hoto1 ba. Malaman lissafi su yi amfani da wurin rubuta lissafi na fotal ɗin maimakon hoton allo. Linki kuma a bashi suna, darasin mako na uku, ba danna nan danna nan ba.

Don haka cikin abun da zaku auna har da wannan, fotal ɗin yana taimakon malami ya yi daidai? Yana tambayar bayanin hoto lokacin ɗorawa? Moodle yana da abun duba irin waɗannan kurakuran a wurin rubutunsa, Word ma yana da shi ƙarƙashin Review.

Yanke hukunci

Ku raba abun da kuka samu gida uku: wanda ya hana aiki gaba ɗaya, wanda ya wahalar amma an wuce, da ƙaramin aibi. Ni ƙa'idata, in akwai ko ɗaya daga rukunin farko a wurin shiga ko karanta darasi ko miƙa aiki ko tes, ba a biya sai an gyara an sake gwadawa a gabanmu. Mai talla zai ce Yallaɓai ai a sabon fitowa za a gyara, ku ce toh a rubuta a yarjejeniya da kwanan wata, a riƙe wani kaso na kuɗin har ranar, a kuma rubuta wa za a kira in yaro ya maƙale da kwana nawa zasu ɗauka. Ku ajiye takardar gwajin a fayil, don duk sanda suka sabunta manhajar abun da ke aiki jiya yana iya lalacewa, ni farkon kowane zango nake zare maus in sake bin ayyukan bakwai ɗin kafin yara su dawo.